Furen Okid A Gidajen Birnin Zariya: Shukar Da Ba Ta Son Ƙasa

Manomin ƙasar Zazzau ba ya bukatar wani ya koya masa noman dawa ko masara, balle rake da barkono da tumatirin fadama. Amma akwai wata shuka wadda in ya yi mata irin hidimar da ya saba yi wa amfanin gonarsa, to, kashe ta zai yi. In ya binne saiwarta cikin ƙasa mai kyau, sai ta ruɓe. In ya zuba mata taki da yawa, sai ta ƙone. In kuwa ya bi ta da ban ruwa safe da yamma kamar albasa, kafin wata guda ya iske ta ta narke a tukunya. Sunan wannan shuka okid, fure ne da mutanen duniya su ke kashe kuɗi mai yawa a kansa.

Dalili biyu ne su ka sa maganarta ta cancanci shiga filin manoma. Na ɗaya, akawuna da 'yan kasuwa su kan sayo ta wurin masu sayar da furanni a Kaduna ko Abuja ko Ikko da tsada, su kawo gida, ta mutu, kuɗi ya tafi a banza. Na biyu, wanda ya fi nauyi, akwai irinta na ƙasar nan a daji, yana kuwa ƙarewa tare da manyan itatuwan da a ke sarewa don gawayi da itacen girki. Mutumin da ya iya renonta a tsakar gida ya tsare kuɗinsa, ya kuma tsare iri.

MENE NE OKID?

Okid ba shuka ɗaya ba ce, dangi ne babba. Masana tsire-tsire sun ƙidaya fiye da iri 25,000 a duniya, ban da dubban da masu lambu su ka haɗa aure tsakaninsu su ka fitar. Kashi biyu ne manya. Akwai na bisa, waɗanda su ke zaune a kan rassan itace ko a kan dutse, saiwarsu a fili tana shan iska. Akwai kuma na ƙasa, masu kwantar da 'ya'ya a ƙarƙashi kamar tumuku ko rizga. Galibin waɗanda a ke sayarwa don ado na bisa ne, nan ne kuwa a ke yin kuskure.

In an duba saiwar okid na bisa za a ga tana da kauri, an lulluɓe ta da wani farin ɓawo mai kamar soso. Da ruwan sama ya zuba, ko raɓa ta sauka, sai ɓawon nan ya tsotse nan da nan, sa'an nan iska ta bushe bayansa. Watau saiwa ce da a ka halitta don ta jiƙa ta bushe, ta jiƙa ta bushe. In an cusa ta cikin ƙasa mai riƙe ruwa, numfashi ya ke gagararta, ta yi baƙi ta ruɓe, ganye ya yanƙwane. Mai shi kuwa da ya ga ganye ya yanƙwane sai ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta.

KAMA DA WANE BA TA WANE

Manoma da yawa in sun ga okid bisa itace sai su ce kauci ne, su sa gatari. Ba kauci ba ne. Kauci ɓarawo ne. Tsuntsu ya ke cin 'ya'yansa masu danƙo, ya goge baki a jikin reshen ɗorawa ko kaɗanya, ƙwayar ta manne, ta huda ɓawo ta shiga cikin itacen tana shan ruwansa, har reshen ya kumbura ya mutu. Okid kuwa baƙo ne mai zuwa da guzurinsa. Wurin zama kurum ya ke nema, saiwarsa ba ta huda itace, abincinsa ruwan sama ne da ƙura da ruɓaɓɓen ganye da kashin tsuntsaye. Saboda haka a sare kauci, amma a bar okid inda a ka gan shi.

IRIN NA ƘASAR NAN

Wanda ya fi dacewa da mai farawa a Zariya shi ne wanda masana su ke rubuta sunansa Ansellia africana. Yana da kara mai gaɓa-gaɓa kamar ƙaramin rake, a ciki ya ke ajiye ruwan da zai ci rani da shi. Furensa rawaya ne da ɗigo-ɗigon ja mai duhu, shi ya sa Turawa su ke kiransa okid damisa. Zangarniya ɗaya ta kan ɗauki fure da yawa, ga ƙanshi, da rani kuma ya ke yi, lokacin da tsakar gida ba ta da wani abin kallo. Wata hikima tasa ita ce ya kan fitar da siraran saiwoyi farare su miƙe sama tsaye kamar kwando, su tare ganyen da ke faɗowa, ya ruɓe ya zama takinsa. A ƙasashen Afirka da yawa a kan same shi bisa giginya da goriba da kwakwar manja da sauran manyan itatuwa.

Sunan nan na Turanci yana da tarihi da ya taɓa ƙasar nan. A shekarar 1841 Ingila ta aiko da jiragen ruwa su hau kogin Kwara, zazzaɓi ya kashe mutane da yawa a cikinsu. A cikin tafiyar akwai wani mai aikin lambu, John Ansell, shi ya samo shukar a tsibirin Fanando Po, wanda yanzu a ke kira Biyoko. A 1844 masanin furanni John Lindley ya sa mata sunansa. Amma Hausawa sun riga sun san ta. Likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsire-tsire na Hausa ya buga a 1916, ya rubuta cewa tana cikin tsire-tsiren da a ke kira manta uwa, sunan maganin da a ke ba yaro lokacin yaye. An kawo wannan don tarihi ne kurum, kada wani ya jiƙa shukar ado ya ɗura wa yaro.

Na ƙasa kuwa, dangin Eulophia su ne sanannu a dajin Arewa. Wanda ya saba yawon daji gab da faɗuwar damina ya taɓa ganinsu: zangarniya ce ta kan fito tsaye daga ƙasar da gobara ta cinye, ba ganye ko ɗaya, sai fure mai launin shuɗi da ja-ja. Sai fure ya wuce sa'an nan ganye ya biyo baya.

IRIN NA BAƘI

Masu sayar da furanni galibi iri biyu su ke kawowa. Akwai Dendrobium, mai kara kamar na okid damisa, wanda ƙasar Tailan ta yi suna wajen nomansa da aika furensa ƙasashen duniya. Yana jure rana da zafi, ya fi sauƙin reno a nan. Akwai kuma Phalaenopsis, mai faffaɗan ganye kamar harshen saniya, furensa kamar malam-buɗe-littafi ya buɗe fukafukai, Holan da Taiwan su ne manyan masu nomansa. Furen ya kan yi wata biyu ko uku bai zube ba, amma shukar ba ta da karan ajiye ruwa, ba ta son rana, ba ta son sanyi. Mai hankali ya fara da damisa ko Dendrobium, in hannunsa ya faɗa sa'an nan ya gwada wannan.

Wajen saye, kada fure ya ruɗi mutum, saiwa zai duba. Saiwa mai lafiya tana da tauri, fara ce ko kore. In ta yi laushi, ta yi baƙi, ko tukunyar tana wari, a bar wa mai shi kayansa ko da ya karya kuɗi, araha ba ta ado. Haka nan a kan ga Phalaenopsis mai fure shuɗi kamar an tsoma a marina. To, tsomawar a ka yi, rini a ke ɗura masa a zangarniya, in ya sake fure fari zai fito.

TUKUNYA DA ABIN ZUBAWA

Babu abin da za a sayo daga waje, duk kayan suna kasuwar birni. A sami tukunyar ƙasa ko kasko mai ɗan zurfi, a roƙi maginin tukwane ya huda gindi da gefe-gefe, ƙofa shida ko takwas masu faɗin yatsa, tun yumɓu yana ɗanye kafin gashi. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, domin tana numfashi, tana kuma sanyaya saiwa kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Kada ta yi girma ainun, wadda saiwar za ta cika da ɗan sauran wuri ita a ke so.

Abin zubawa kuwa gawayi ne da tsingaro. A farfasa gawayin itace mai tauri kamar girman goro, a wanke ƙurarsa sarai. A farfasa tsingaro ko jan bulo gasasshe kamar haka. A sa manyan a ƙasa, a ɗora shukar, a cike gefe, amma kada a binne gindin kara, ya zauna daidai bakin gawayi. A kafa ɗan sanda a ɗaure ta don kada ta yi ta motsi, gama sabuwar saiwa in tana gogar gawayi ba ta kamawa. Don Phalaenopsis a kan ƙara ɓawon kwakwa yankakke, domin ya riƙe ɗan laima, amma sai an jiƙa shi kwana uku ana sauya ruwa, gishirinsa ya fita.

Akwai wani amfani na gawayi da tsingaro da mutumin Zazzau zai gane nan take: gara ba ta cinsu. Ɓawon itace da ɓawon kwakwa kuwa abincinta ne. Saboda haka kada a ajiye tukunya a ƙasa, a rataye ta da waya, ba da igiya ba. Wanda ke da mangwaro ko tsamiya a gida yana iya ɗaure okid damisa a maraba rassa da tsumma, ba tukunya ba komai, in damina ɗaya ta wuce ya kama da kansa, sai dai a riƙa duba jikin itacen saboda hanyar gara.

INDA ZA A AJIYE

Gidan birni na gargajiya yana da abin da gidan zamani ba shi da shi, watau katangar ƙasa mai kauri mai tare iskar hunturu, da inuwar itace a tsakar gida. Wurin da ya fi shi ne inda hantsi ke taɓawa, amma rana ta bar shi tun kafin azahar. A guji jikin katangar da ke fuskantar yamma, domin ta kan sha ranar la'asar ta yi ta amayar da zafi har dare. A guji kuma ƙarƙashin rufin kwano marar silin. In babu itace, a yi 'yar rumfa a shimfiɗa asabari a sama, haske ya riƙa ratsowa tsaga-tsaga.

Ganye shi ne mai ba da labari. In ya yi kore mai duhu ƙwarai, shukar kuma ta ƙi fure, haske ya yi mata kaɗan. In ya yi rawaya da tabon ƙuna, rana ta yi yawa. Kore mai haske kamar ɗanyen ganyen masara shi ne daidai. Damisa da Dendrobium suna son haske da yawa, Phalaenopsis kuwa inuwa mai haske, kamar bakin taga ko ƙarƙashin baranda. Kada a kai su kusa da murhu, hayaƙi yana zubar da fure tun bai buɗe ba.

RUWA

Ruwan sama ya fi kowane. A tara daga indararon kwano, a zubar da na farkon damina mai ɗauke da dattin rufi, a ajiye a randa ko tulu a rufe saboda sauro. Waɗansu rijiyoyin cikin birni ruwansu yana da zartsi, alamarsa ita ce farin abu kamar kanwa ya taru a bakin tukunya, kan saiwa kuma ya yi baƙi ya daina tsawo. In an ga haka a sauya rijiya. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗe. Ruwan wanka da na wanki da na marina ba su da wuri a nan.

Ƙa'idar ban ruwa guda ce: a ba shi ya ƙoshi, har ruwa ya zubo ta ƙofofin tukunya, sa'an nan a bari sai ya kusa bushewa. Ba a ƙidaya kwana, yatsa a ke sawa cikin gawayi a ji. A Phalaenopsis abin ya fi sauƙi, saiwa in ta sha ruwa kore ce, in ta koma fari kamar azurfa lokaci ya yi. Da safe a ke bayarwa, don ganye ya bushe kafin dare. In ruwa ya kwanta a tsakiyar ganye a tsane shi da tsumma, gama daga nan ne ruɓa ke farawa.

AIKIN KOWANE LOKACI

Zariya tana samun ruwa wajen inci 40 zuwa 43 a shekara, watau milimita 1,000 zuwa 1,100, kusan duka tsakanin Mayu da Oktoba. Wannan shi ne lokacin girma, sabon kara da sabuwar saiwa. Damisa da Dendrobium a bar su su sha ruwan sama. Amma a watan Agusta, lokacin marka, in an jera kwana da kwanaki ba rana, a janye su ƙarƙashin baranda inda iska ke wucewa. Phalaenopsis kuwa kada ruwan sama ya taɓa shi sam.

Da kaka, in sabon kara ya gama tsawo ya yi ƙiba, a rage ruwa a daina taki. Hutun nan shi ke sa damisa ya yi fure. Wanda ya ci gaba da shagwaɓa shi da ruwa da taki, ganye zai samu.

Hunturu shi ne babban gwaji. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu laimar iska da rana ta kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, da dare kuma sanyi ya kan sauka ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Salshiyas. Damisa bai damu ba, ɗan gida ne, a ba shi ruwa jefi-jefi don kada kara ya motse. Baƙi su ne abin tausayi. A tara su wuri ɗaya kusa da randa, a zuba tsakuwa a faranti a sa ruwa, a ɗora tukunya bisa tsakuwar ba tare da gindinta ya taɓa ruwa ba. A goge ƙura daga ganye da jiƙaƙƙen tsumma sau ɗaya a mako. Daren da sanyi ya yi tsanani a shigar da Phalaenopsis ɗakin soro, amma ba ɗakin da a ka hura wuta ba. Sanyin farkon hunturu kuwa, in bai yi yawa ba, alheri ne, shi ke tayar da zangarniyarsa.

Da bazara, Maris da Afrilu, zafi ya kan wuce digiri 35. A ƙara inuwa, a riɓanya asabari, a yayyafa ruwa a daɓen da ke ƙarƙashinsu da rana tsaka, a kuma ƙara yawan ban ruwa. Da an ga kan sabuwar saiwa kore ya leƙo, shekara ta juyo ke nan.

TAKI

Okid ɗan ƙaramin ciki ne da shi. Kwatan ƙaramin cokalin shayi na takin zamani mai sinadari uku, a narke shi sarai a galan guda na ruwa, ya isa. A ba shi sau ɗaya a mako biyu, da damina kaɗai, bayan an riga an jiƙa saiwar da ruwa zalla. Sau ɗaya a wata a kwarara ruwan sama da yawa ya wanke gishirin da ya taru. Wanda ba shi da takin zamani ya jiƙa tsohon kashin shanu busasshe, ya tace, ya surka har ya yi kamar shayi marar kauri. Ɗanyen kashin kaji da toka da barbaɗa yuriya a kan saiwa duk kisa ne.

YADDA A KE ƘARA IRI

Manomi zai tambaya, ina iri? Kwanson okid guda ya kan ƙunshi ƙwaya dubbai ɗaruruwa, ƙanana kamar ƙura, amma ba guzurin abinci a cikinsu kamar na wake ko gyaɗa. A daji ƙwaya ba ta tsira sai ta gamu da wata irin funfuna mai kamar zare ta ciyar da ita. Wani Bafaranse, Noel Bernard, shi ya gano haka a 1899. A 1922 kuma, shekarar da a ka kafa gidan binciken aikin gona na Samaru, wani masani a Jami'ar Cornell ta Amurka, Lewis Knudson, ya nuna ana iya tsirar da ƙwayar cikin kwalba mai tsabta da sukari da sinadarai. Wannan aikin ɗakin bincike ne, daga ƙwaya zuwa fure kuma shekaru ne.

Hanyar mai gida ita ce rabawa. In damisa ko Dendrobium ya cika tukunya, a jira farkon damina, a fito da shi, a yanka gida biyu ko uku, kowane kashi da kara uku ko huɗu da sabon toho. A gasa wuƙar a wuta kafin a taɓa kowace shuka, domin akwai cututtuka marasa magani da wuƙa ke ɗauka daga wannan zuwa waccan. A barbaɗa garin gawayi a wurin yankan, a dasa, a ajiye a inuwa, a yi kwana biyar ko mako ba ruwa sai yayyafi. Dendrobium ya kan haifi ɗa a jikin kara, in saiwar ɗan ta kai inci biyu a ɓalle shi a dasa.

ABOKAN GABA

Na farko akuya, na biyu kaji, maganinsu ratayewa sama. Akwai wani farin ƙwaro mai kamar auduga da ke ɓuya a hammatar ganye, da wani mai kamar ƙuraje da ke mannewa, duk tsotson ruwan shuka su ke yi. A goge su da tsumma da ruwan sabulu kaɗan, a ɗauraye, a maimaita bayan mako. Ruwan dakakken 'ya'yan dogon yaro ma yana taimako, da yamma a ke fesawa. Da hunturu in bayan ganye ya yi fari-fari kamar an yayyafa toka, waɗansu mitsi-mitsin ƙwari ne masu son bushewa, wanke ganye ke korarsu. Da damina a fito da fitila da dare a tsince dodon koɗi. In baƙin tabo mai ruwa ya bayyana, a yanke har cikin lafiyayyen nama, a ƙone abin da a ka yanke, a ware tukunyar. Rigakafi ya fi magani.

DAJI BA RUMBUN KOWA BA NE

Ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya ta sa okid damisa cikin jerin tsire-tsiren da ke fuskantar barazanar ƙarewa, saboda sare itatuwa da kwasar da masu magani da masu ado ke yi. An ga abin da ya faru a waɗansu wurare. A Zambiya a kan haƙo 'ya'yan okid na ƙasa a yi wani abinci da su mai suna cikanda, a Turkiyya a yi abin sha mai suna salef, har iri ya yi ƙaranci a dazuzzukan da a ke haƙa. Tushen da mutum zai ɓamɓaro cikin minti biyar ya yi shekaru yana haɗuwa.

Saboda haka kada a hau itace mai rai a ɓamɓaro. A nemi kashi wurin wanda ya riga ya ke da shi. In an iske masu gawayi sun kayar da itace da okid a kai, wannan ceto ne, a nemi izinin mai wurin a ɗauka. Na ƙasa ma haka, sai inda za a share fili don gini ko hanya, a haƙo da ƙasarsa, a dasa cikin ƙasa mai yashi da ruɓaɓɓen ganye, a bar shi ba ruwa duk rani sai ya toho. 'Yan kasuwa kuma su sani, yarjejeniyar CITES da a ka sa wa hannu a Washington a 1973, wadda Nijeriya ke ciki, ta shafi dukan dangin okid. Fitar da na daji ƙasar waje sai da takardar izini daga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, shigo da shuka kuma sai da izinin hukumar killace kayan gona. Wanda ya samu wata shuka bai gane ta ba, ya kai reshe da fure sashen nazarin tsire-tsire na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, inda a ke ajiye samfurin tsire-tsire don irin wannan.

MAGANAR CINIKI

Masu saye suna nan, otal-otal da ofisoshi da masu ƙawata wurin biki. Amma okid ba tumatir ba ne da za a shuka yau a ɗiba bayan wata uku. Kashin da a ka raba ya kan ɗauki shekara ɗaya ko biyu kafin ya yi furen da zai ja mai saye. Mai son gwadawa ya fara da tukunya biyar, ya buɗe littafi kamar na akawu, ya rubuta ranar dashe da ranar fure da abin da ya kashe, kada ya sayar da uwa sai 'ya'ya. Kada kuma ya taɓa kuɗin takin masara saboda fure.

Akwai okid guda da a ke nomawa don ci, watau banila, mai ƙanshin da a ke sa wa kek da askirim. Asalinsa Meziko, Madagaska ce ta fi kowa nomansa. Furensa kwana ɗaya ya ke buɗewa, da hannu kuma a ke yi masa barbara, dabarar da wani yaro bawa ɗan shekara 12, Edmond Albius, ya gano a tsibirin Riyuniyan a 1841 da ɗan tsinke. Wajen 2018 kilo guda ya kai kimanin dala 600, daga baya farashi ya faɗi warwas. In wani ya zo da daɗin baki yana tallar dashen banila a Zariya, a tuna shukar kurmi ce mai son laima duk shekara, wata biyar na rani da hunturu ba abokan zamanta ba ne. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Birnin da ya yi suna da manyan rimaye, har unguwanni irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko su ka ci sunansu, bai kamata a ce shukar da ke zaune bisa itace ta gagari mutanensa ba. Wanda zai fara, yanzu ya ba magini aikin tukunya, ya tanadi gawayi da tsingaro da randar ruwan sama, ya nemi kashi guda na damisa kafin ruwan fari ya sauka. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba manoma damina mai albarka, amin.